Amsa ga mai ɗan wata 19 da bai buɗe baki ba

Wa alaikumus salam 'yar uwa. Tun jiya da daddare na ga tambayarki na so in amsa, to mutumin da zan ba ki labarinsa, wato Autana, shi ne ya ƙwace wayar ya kafa ta a ƙeya yana ta alo alo, shi a dole waya yake da babansa, sai yanzu da barci ya sace shi na samu sarari. Kin ce ɗanki ɗan fari ne, watansa 19, kalmomin da yake faɗa ba su wuce biyar ko shida ba, alhali 'yar maƙwabciyarki da ya girme ta tana ta zuba kamar rediyo. Kuma ɓarna ta yi masa yawa, ya zazzage kwando ya kife kwano ya hau bayanki kina salla, ke kuma maimakon ki tsawatar dariya ce take kama ki, har an fara ce miki sangarta shi za ki yi. Kina tambaya ko akwai matsala.

Ni dai ba likita ba ce ba nas ba, uwa ce mai 'ya'ya huɗu a nan Kano, babbar tana aji uku a sakandare, Auta kuma shekararsa biyu da wata huɗu, don haka abin da na gani da idona zan faɗa miki da ɗan abin da na tsinta wajen ƙanwata mai aikin jinya.

Farko dai ki daina auna shi da 'yar maƙwabta wallahi hawan jini kawai za ki ɗora wa kanki. A cikin ɗakina kaɗai babu biyun da suka zo iri ɗaya. Babbar sai da ta yi wata 15 kafin ta ɗaga ƙafa, har an sayo mata keken koyon tafiya na katako mai taya uku ta ƙi ko kallonsa, amma baki kam tun tana shekara ɗaya ya buɗe. Mai bi mata shi kuma wata 10 ya miƙe ya kama gudu, ko tatata bai tsaya yi ba sosai, amma magana sai da ya haura shekara biyu, har wata tsohuwa a gidanmu ta ce a kai shi wajen wanzami a duba ƙarƙashin harshensa, babansu ya ce babu mai sa wa ɗansa aska a baki. Yau shi ne sai na ce don Allah ka yi shiru in ji da kaina. Ƙanwata ta taɓa nuna min wani bincike da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2006, an bi yara masu lafiya a ƙasashe biyar har da Ghana, aka ga fara tafiya ba tare da riƙo ba yana kamawa ne tun daga wajen wata 8 har kusan wata 18, duka lafiya ne, wasu 'yan kaɗan ma ba su yi rarrafe ba sam, daga jan gindi sai tsayuwa. Kin ga tazarar wata goma fa kenan tsakanin yaro da yaro kuma kowa ƙalau yake. Magana ma haka take, tana da faɗi.

Sannan ina so ki sake ƙirga kalmomin nan nasa, don ina zargin kin rage masa. Mu iyaye sai mu ce sai yaro ya faɗi abu daidai ne ya zama kalma, alhali duk sautin da yake maimaitawa kullum a kan abu guda kalma ce. Auta ruwa "uwa" yake ce masa, shayi "tayi", takalmi "kami", akuya kuwa sunanta "meee" har gobe. Wadda ta fi ba ni dariya ita ce "uta", don buta ma uta ce wuta ma uta ce, sai kin bi yatsansa za ki gane wacce yake nufi, in ya nuna ƙwan fitila yana tsalle to an kawo wuta, in ya nufi bakin rariya yana jan wando to buta yake so. Ranar da na zauna da biro na rubuta irin waɗannan a bayan katin awonsa lokacin yana wata 20 sai da na samu kusan ashirin, ni da nake cewa bai iya komai ba.

Abin da ya fi yawan kalmomin muhimmanci shi ne fahimta, don ita take riga baki zuwa. Ki gwada shi yau, amma kar ki nuna da hannu kar ki kalli wajen, ki ce masa je ka ɗauko min takalminka, ko ina hancinka, ko kai wa Baba hularsa. In ya je ya yi to kunnensa na ji kuma kansa na tara magana, fitowa ce kawai ta rage. Ki lura kuma in ya ga abin da ya burge shi, jirgi ko mage a kan katanga, yana nunawa da yatsa ya juyo ya kalle ki kamar yana cewa kin gani? Wannan juyowar da ƙanƙantarta babbar alama ce mai kyau.

Shi kuma hawa bayanki a salla da kika faɗa, ai ni nan ne na ji hankalina ya kwanta da ɗanki. Yaron da yake kwaikwayo yana koyo ne. Auta in aka kira salla kafin kowa ya motsa ya ja ɗankwalina ya shimfiɗa, ba ruwansa da alƙibla duk inda ya ga dama nan ne gabas, ya ɗaga hannu ya ce "Abbar", ruku'u babu shi a tsarinsa, kai tsaye yake zubewa ya kafa goshi a ƙasa ya ɗaga gindi sama, sannan ta tsakanin ƙafafunsa yake leƙowa ya ga ko ana kallonsa. In ya ga ana kallo sai ya ƙara wata sujadar. Ya gama ya shafa fatiha har ƙeya. Alwala kuwa ya iya ta fiye da sallar, sai dai ta ƙare da canjin kaya. Haka in ina shara sai ya karɓi tsintsiya ya watsa abin da na tara, in ina tuƙa tuwo ya samo murfin kwano da cokali ya zauna nesa kaɗan yana nasa, har da share gumin ƙarya da bayan hannu yadda nake yi, ni ban ma san ina yin haka ba sai da na gani a wajensa. Tarin babansa ma ya iya, da yadda yake zama ya harɗe ƙafa yana latsa waya.

Kuma kar kowa ya sa ki ji kamar sallarki ta samu matsala don ya hau ki. Ya tabbata Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya yi salla yana ɗauke da jikarsa Umama 'yar Nana Zainab, in zai yi sujada ya ajiye ta in ya miƙe ya ɗauke ta. Abin lura kawai ki duba famfas ɗinsa kafin ki tayar.

Yanzu bari in zo kan abin da ya sa na ce sai na rubuta miki da tsawo, wato zancen wai kina sangarta shi don kina masa dariya. Na san inda maganar nan ta fito, alkunyar ɗan fari ce. Ni ma na yi ta. Babbar 'yata a gidan surukai na haife ta, ban taɓa kiran sunanta ba a gaban mutane, in tana kuka Hajiya na tsakar gida sai in yi kamar ban ji ba har sai an ce ke ɗauki yarinyar nan mana, wasa da ita kuwa sai na saki labule na tabbatar ba mai gani. Ban ce al'adar ba ta da kyau ba, akwai ladabi a cikinta, kuma a gidan yawa ba ta cutar da yaro don ga kaka ga gwaggo ga 'yan uwa kowa na ɗaukarsa yana masa surutu, abin da uwa ta rage wasu sun cike. Ita 'yata ai a bakin Hajiya ta koyi magana, kullum suna faɗa, Hajiya na ce mata kishiya kin zo ƙwace min miji ita kuma tana ramawa da gwaranci. To amma yanzu yawancinmu daga ke sai yaro a gida, an rufe get maigida ya fita tun safe sai dare, in ke ma kika kama alkunya kika yi shiru to wa zai yi masa magana? Bango?

Don haka ki yi masa magana, ki yi ta yi kamar wadda aka biya. Ba sai kin zaunar da shi kina ce "ce Mama, ce Mama" ba, wannan ma gundurarsu yake sai yaro ya ƙulle baki. Aikin da kike yi kawai za ki riƙa faɗa, ga ruwa na zuba, bari in wanke maka ƙafa, ina ɗaya ƙafar, kai ruwan nan da sanyi. In ya ce "uwa" kar ki ce a'a ba haka ake cewa ba, ki ce ruwa kake so? ga ruwa, sha ruwa, ya ji daidai ɗin sau uku ba tare da an kunyata shi ba. Kuma in kin yi masa tambaya ki ɗan dakata ki ba shi fili, ko gwaranci ya yi ki amsa kamar kin gane, iye, haka aka yi? sai kuma me ya faru? Za ki ga ya ƙara himma har da hannu. Wani kuskuren da na yi da na biyun shi ne ban barin sa ya nema, kafin ya buɗe baki na miƙa masa, yayarsa ma ta zame masa tafinta, da ya yi "uh" sai ta ce Umma biskit yake so. To me zai sa ya wahalar da kansa? Da na fara riƙe abu biyu ina cewa ayaba ko lemo sai ga baki ya fara motsi.

Waƙoƙin raino da tawai da tafa-tafa da 'yar ɓuya da zani duk karatu ne a wajensu. Kuma in kuna yare biyu a gida, misali ke Fulatanci shi Hausa, kar a ce miki shi ne ya riƙe masa baki, yaro na iya ɗaukar biyu a tare, in za ki ƙirga kalmominsa ki haɗa na duka yarukan.

Dariya da sumba ba su ne sangarta ba. Akwai sahabin da ya ga Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, ya sumbaci Hasan ya ce shi 'ya'yansa goma bai taɓa sumbatar ko ɗaya ba, aka ba shi amsa cewa wanda ba ya jin ƙai ba a jin ƙansa. Sangarta a ganina ita ce ki ce a'a, ya faɗi ya yi birgima, ki koma ki ce to ungo. Nan ne ake ɓata yaro. Kuma ki shirya don birgimar na nan tafe in ma ba ta iso ba, daga shekara ɗaya da rabi zuwa uku lokacinta ne. Auta ya taɓa yin kukan kusan minti ashirin don na ɓare masa ayaba, shi so yake ya ɓare da kansa, na ba shi wata ya ce waccan yake so a mayar mata da ɓawonta. Yanzu komai "a'a" ne da "ni ni", za ka ci abinci a'a, yana faɗa yana buɗe baki. Takalmi shi zai sa da kansa kuma kullum a juye, na dama a hagu, in kin gyara an shiga yaƙi. Na koyi in bar shi ya fita da shi a juye, ba wanda ya taɓa mutuwa don haka. Abin da yake da haɗari ne kawai nake tsayawa a kai ba sassauci, in ya yi birgimar in zauna kusa in yi shiru har ya gama ya zo da kansa ya kwanta a cinyata yana ajiyar zuciya. Duka a wannan shekarun ban ga abin da yake koya musu ba sai dukan, ranar da na ɗan make masa hannu a ranar ya je ya make 'yar tsanar yayarsa yana cewa "bayi", wato bari, da irin muryata.

Ɓarnar ma ki sama mata gurbi. Zazzagewa da mayarwa da jefar da abu ya ga ya faɗi duk gwaji yake. Na ware masa kwando ɗaya a kicin na zuba robobi da murafe da ludayin roba da gwangwanin madara wanda bakinsa ba kaifi, nasa ne ya yi yadda ya so, tun daga nan tukwanena suka ɗan huta. Kayan wasa masu tsada kuwa kar ki wahalar da kuɗinki, an kawo masa mota mai batir daga Kantin Kwari ko Sabon Gari ne oho, ya ajiye motar ya shige kwalin.

Sai dai fa a nan zan ɗaure fuska kaɗan, don wannan shekarun hannu ya riga hankali. Kalanzir ko fiya-fiya a robar lemo, don girman Allah kar a ajiye a ƙasa, yaro gani yake abin sha ne. In tsautsayi ya sa ya sha kalanzir kar a sa shi amai kar a ɗura masa manja, aman ne yake tura shi cikin huhu, a wuce asibiti kawai. Bokiti ko baho da ruwa ko kaɗan ne a kife shi ko a rufe, kansu na rinjayar jikinsu in suka leƙa suka faɗa ba sa iya fitowa kuma ba a jin ƙara. Rijiya a sa mata murfi da kwaɗo. Fulas ɗin ruwan zafi, kurfot mai gawayi, wayar caja a soket, magungunan kaka da take ajiyewa a ƙarƙashin filo, da ƙaramin batirin nan mai kamar kwabo. Gyaɗa da aya da alewa mai tauri suna shaƙe su, gyaɗa sai dai a daka ko a kunu. Ni Allah ne ya tsare min ta ukun, na juya kawai in ɗauko tawul na dawo na same ta ta dafa bakin bokiti ƙafa ɗaya ta bar ƙasa, har yau in na tuna sai gabana ya faɗi.

Sai maganar waya da katun. Na san daɗin ta, ki miƙa masa ki samu ki yi girki, ni ma ba waliyyiya ba ce ina yi wani lokacin. Amma shawarar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayar a 2019 ita ce yaron da bai kai shekara biyu ba a kauce wa zaunar da shi gaban allo, daga biyu zuwa huɗu kuma kar ya wuce awa ɗaya a rana. Dalilin a fili yake, katun yana magana ne ba ya jiran amsa, yaro kuma da ba-ni-in-ba-ka yake koyon zance. In ɗanki yana yini da waya ki janye ta na wata ɗaya ki ga bambanci, kwana ukun farko dai za ki sha rigima. Kiran bidiyo da kakarsa daban ne, wannan hira ce.

Amma ba zan ce miki ki naɗe hannu kawai ba, akwai abubuwan da in kin gani ba a jira. In kina kiran sunansa daga baya ba ya juyowa, ko ƙara mai ƙarfi ba ta firgita shi, ko kunnensa na yawan zubar da ruwa ko mugunya, ko ya taɓa yin sanƙarau ko shawara mai tsanani yana jariri, to a auna jinsa, don sau da yawa nauyin baki daga kunne yake. In ba ya haɗa ido da ke, ba ya nuna abu da yatsa, ba ya kwaikwayo, ko kuma wanda ya fi duka, ya iya wasu kalmomi da can yanzu sun ɓace, ki kai shi wajen likitan yara kar ki saurari masu cewa babansa ma haka ya yi. Haka in ya cika shekara biyu bai fara haɗa kalma biyu ba irin "Baba tafi" ko "ba ni uwa". Ba wai lallai akwai ciwo ba, a duba ne kawai, in ma akwai abu gara a kama shi da wuri. In kina Kano akwai asibitin yara na Hasiya Bayero, akwai sashen kunne da hanci da maƙogwaro a asibitin Malam Aminu Kano, Kaduna kuma akwai cibiyar kula da kunne ta ƙasa. Daga yadda kika siffanta naki dai, mai hawa baya a sujada yana leƙen fuskarki, ban ji abin tsoro ba.

Tunda za ki fito da katinsa ki rubuta kalmomin, ki duba ko an yi masa allurar ƙyanda ta biyu ta wata 15, da yawa muna tsayawa a ta wata 9 mu ɗauka an gama. Da ɗigon bitamin A duk wata shida, da maganin tsutsar ciki tunda ya wuce shekara kuma komai ya samu baki yake kaiwa. In damina ta zo masu rabon maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro na wata-wata suka ƙwanƙwasa ki karɓa ki cika masa na kwana ukun. Yaron da jininsa ya yi ƙasa ko yake fama da zazzaɓi a kai a kai ba ya samun kuzarin surutu. Cin abinci kuma za ki ga ya ragu bayan shekara ɗaya, girman ne ya rage gudu, kar ki yi masa ɗura, ki ba shi kaɗan kaɗan sau da yawa, ƙwai, wake, kifi da aka cire wa ƙaya, kunun gyaɗa, ganye a miya, ki bar shi ya ci da hannunsa ko zai yi wanka da shi. In ba ki yaye shi ba kuma babu abin da ya matsa miki, ki bari ya cika shekara biyun da Alƙur'ani ya ambata, kar ki haɗa masa yaye da damuwar baki a lokaci guda.

Abu ɗaya da nake nadama, babbar 'yata ba ni da ko muryarta ɗaya ta lokacin tsamin baki, waya ta lokacin ba ta ɗauka kuma kunya ma ba za ta bar ni ba. Akwai yadda take kiran barkono da duk gidan aka ɗauka ana faɗa, yau na yi na yi in tuna na kasa, na tambayi babansu shi ma ya manta. Shi ya sa Auta nake ɗaukar muryarsa in tura wa kaina in ajiye, ba don in watsa ba, don tsamin bakin nan rana ɗaya yake tafiya ba sallama. Satin da ya wuce ya zo ya tsaya a gabana ya ce "ruwa" tas da ra ɗinta, yayyensa suka yi ta tafi, ni kuwa sai na ji wani iri, na ce masa uwa kake so? ya kalle ni kamar ban da hankali ya ce a'a, ruwa.

Ki gwada aiken takalmin nan yau ba tare da nuni ba ki dawo ki faɗa min abin da ya yi. Allah ya raya mana su ya shirya su. Bari in tashi, na ji ƙarar murfin tukunya daga kicin kuma ni kaɗai na san na bar shi yana barci.